Auduga, Tsamiya da Alharini: Tarihin Gaurayen Zare a Kumasi da Zongonta

Gabatarwa

Duk wanda ya bi layin 'yan yadi a babbar kasuwar Kumasi zai ga mai saye yana murza bakin yadi tsakanin yatsunsa yana tambaya, "Wannan auduga ce zalla, ko da haɗi?" Tambayar ta girmi kasuwar kanta. Kusan shekara 300 ke nan masaƙa da fatake da maɗinka na wannan yanki suna haɗa zare iri biyu ko uku a cikin tufa guda, wani lokaci don ƙawa, wani lokaci don ƙarko, wani lokaci kuma don a rage tsada ba tare da mai saye ya sani ba. Wannan muƙala za ta bi diddigin wannan haɗi, daga zamanin sarakunan Asante, waɗanda Hausawan da suke kira Tonawa, zuwa zamanin zaren inji, tare da duba rawar da Hausawa da sauran mutanen Zongo suka taka. Za a kuma tsaya a kan wasu kalmomi na sana'ar, domin da yawansu sun fara ɓacewa daga bakin matasa.

Zaren da aka gada

Kafin zuwan kayan inji, auduga ce uwar tufafi a duk ƙasashen Sudan ta Yamma. A Kano ana cewa auduga, a Sakkwato kuma kaɗa. Aikinta na farko a hannun mata yake: su gurje ta su fid da angurya, su shiɓe ta da ɗan baka har ta yi laushi, sannan su kaɗa ta da mazari. Zaren da aka murɗa sosai ya fito siriri mai ƙarfi shi ake yin wadari da shi, ya zama zaren tsaye. Mai kauri da laushi kuwa, wato abawa, shi ake sa wa a ƙoshiya ya zama zaren kwance. A nan ma akwai haɗi, ko da yake duka biyun auduga ne, domin masaƙi ya san zaren tsaye shi ke shan ja, na kwance kuma shi ke ba ƙyalle jiki. Silin auduga gajere ne, yana shan ruwa, yana kuma karɓar baba da kyau. Wannan hali nasa shi ya raya marinar Kano da ta Kura, shi ya kuma raya ta Daboya a ƙasar Gwanja.

Zare na biyu shi ne tsamiya. Ɗalibi zai iya ruɗewa a nan, domin sunan itaciya ne. Wasu tsutsotsi ne, waɗanda masana kimiyya ke kira Anaphe, ke cin ganyen itatuwa irin su tsamiya, sannan su taru da yawa su saƙa gida ɗaya babba su shige ciki. Wannan gida ake cirowa a dafa shi da ruwan toka har danƙon da ke jikinsa ya narke, a wanke, a shanya, sannan a kaɗa shi kamar auduga. Launinsa ƙasa-ƙasa ne, ba ya walƙiya sosai, kuma ba ya karɓar rini da sauƙi, amma yana da ƙarfi ƙwarai. Da shi ake saƙa rigar tsamiya, da shi kuma ake yi wa manyan riguna aiki. Yarbawa suna kiran irin wannan saƙa sanyan. Da yake zaren yana da wuyar samu, sau da yawa akan haɗa shi da auduga, wani lokaci ma a rina audugar ta ɗauki launinsa.

Na uku shi ne alharini, kalmar da aka aro daga Larabci. Abin da Hausawan ƙarni na 19 suka fi kira da wannan suna ragowar siliki ne daga masaƙun Turai, wanda ake rinawa ja-ja mai ɗaukar ido, a ɗoro shi a kan raƙuma daga Tarabulus ta Gadamas zuwa Kano. Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ya sauka Kano a 1851, ya lissafa wannan alharini cikin manyan kayan da ake shigowa da su ta Sahara, ya kuma ƙiyasta cewa tufafin da Kano ke fitarwa a shekara sun kai na wuri miliyan 300 a ƙalla. Da alharini ake yi wa barage ratsinsa, da shi ake yin shafin manyan riguna.

Ya kamata a bambance hanyoyi uku na haɗi tun yanzu, domin kalmar guda ce amma aikin ba ɗaya ba ne. Akwai haɗin da ake yi tun a sili, kafin kaɗi, inda iri biyu ke shiga cikin zare guda. Akwai wanda ake yi a kan masaƙa, zaren tsaye daban na kwance daban, ko kuma a jera ratsi-ratsi. Akwai kuma na allura, inda ake ɗora aikin tsamiya ko alharini a kan rigar auduga. Masu sana'ar da sun fi yin na biyu da na uku, waɗanda ido ke gani. Na farko, wanda ido ba ya gani, sai da inji ya zo ya yawaita.

Sarkin da ya sa a warware siliki

Ƙasar Asante kurmi ce mai yawan ruwan sama, ba ta dace da noman auduga kamar ƙasashen arewa ba. Tufafin talakawanta na farko sun haɗa da ɓawon wata itaciya da ake bugawa har ya yi laushi, wanda suke kira kyenkyen. Labarin gargajiya na garin Bonwire, wanda ke arewa maso gabas da Kumasi, ya ce wasu mafarauta biyu ne suka koyi saƙa ta kallon gizo-gizo yana saƙar gidansa a dawa. Bahaushe ba zai yi mamakin wannan ba, tun da Ananse na Tonawa da Gizo na tatsuniyoyin Hausa halinsu ɗaya. Amma akwai wata ruwayar da Baturen nan R. S. Rattray ya rubuta a littafinsa na 1927, wadda ta ce daga ƙasar Gyaman, wato yankin Bonduku, aka kawo masaƙar farko zuwa Bonwire. Wannan ta fi kusa da abin da ake iya gani da ido, domin masaƙar kente 'yar'uwar masaƙar maza ce ta ƙasar Hausa da ta Mosi da ta Gwanja: ana taka ta da ƙafa, ana jan zaren tsaye da dutse a kan kunkuru, ana fid da ƙwarya siririya mai faɗin kamar inci 4, sannan a ɗinke ƙore da yawa su zama zane.

Saƙar farko fari da baƙi ce, wato auduga zalla da wadda ta sha baba. Abin da ya canja ta shi ne arzikin zinariya. Bayan Osei Tutu ya karya Denkyira a 1701, hanyar bakin teku ta buɗe wa Asante. Wani ɗan kasuwa mutumin Denmak, Ludewig Rømer, ya bayyana a littafinsa na 1760 cewa Sarki Opoku Ware, wanda ya yi mulki daga wajen 1720 zuwa 1750, yakan sayi yadudduka na siliki da na ulu masu launi iri-iri, ya ba masaƙansa su warware su zare-zare, su haɗa da audugarsu su saƙa sabon zane. A 1817 kuma Thomas Bowdich, wanda Ingilishi suka aiko Kumasi daga Kef Kos, ya ga manyan fada sanye da zannuwa masu tsadar gaske waɗanda aka saƙa da silikin da aka warware.

A kallon farko wannan aiki kamar ɓarna ne: a sayi yadi gamamme da zinariya, sannan a tsefe shi. Amma akwai hankali a ciki. Ba a kiwon tsutsar siliki a ƙasar, kuma marinar gida ba ta fid da ja da rawaya da kore masu kaifi irin na yadin waje. Abin da sarki ke so shi ne launi da sheƙi, ba zanen Bature ba. Da ya yafa yadin yadda ya zo, da ya yi kama da duk wani attajirin bakin teku. Da aka mai da shi zare aka sake saƙa shi a Bonwire, sai ya zama abin da ba mai iya samun irinsa sai da izinin fada. Mafi daraja a cikin waɗannan saƙe-saƙe shi ne asasia, wanda aka keɓe wa sarki. Audugar kuma ba a bar ta ba, domin zaren da aka warware ba ya isa, kuma ita ce ke riƙe zane ya zauna a kafaɗa.

Hanyar Gwanja

Ta arewa kuma wata ƙofa ce. Tun kafin jihadin Shehu Usmanu na 1804 Hausawa ke fataucin goro zuwa Gwanja, amma a ƙarni na 19 ne harkar ta bunƙasa, a hannun Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari. Ayari yakan tashi daga Kano da jakuna ƙarƙashin madugu, ya yi watanni a hanya kafin ya sauka Salaga. Abin da ake kaiwa ya haɗa da kanwa da kayan fata da dabbobi, amma tufafi na cikin manyan kaya: riguna, rawuna, baƙaƙen zannuwa da suka sha bugu, saƙi mai kama da jikin zabuwa, da kuma ɗan abin da Sahara ta kawo na alharini. Sarakunan Asante sun fi son a tsai da yawancin fataken arewa a Salaga, a kai musu goron can. Duk da haka Bowdich a 1817 da Joseph Dupuis a 1820 sun tarar da jama'ar Musulmi zaune a Kumasi, malamai da 'yan kasuwa, suna da shiga a fada.

Tasirin waɗannan malamai ya fito a tufa guda da har yau ake girmamawa. Rigar yaƙin Sarkin Asante, batakari kese, taguwa ce irin ta arewa, ta audugar saƙar hannu, an lulluɓe ta da layu a cikin fata da azurfa da zinariya. Ke nan sarki yana da tufa biyu masu asali daban: kente na siliki don zaman fada, da taguwar auduga ta arewa don ranar da rai ke hannun Allah.

Wannan tsari ya rushe cikin shekara kamar 25. A 1874 sojojin Ingila ƙarƙashin Wolseley suka ƙone Kumasi, Salaga ta ɓalle daga ikon Asante, goro ya ragu a kasuwarta. A 1892 yaƙin basasa ya tarwatsa garin, fatake da malamai suka watsu zuwa Kete Karachi da Kintampo da sauran wurare. Cikinsu har da Alhaji Umaru, haifaffen Kano, wanda ya zauna a Kete Karachi har rasuwarsa a 1934. A 1896 Ingilishi suka kama Sarki Prempeh na Ɗaya, a 1900 aka yi yaƙin Yaa Asantewaa, daga nan shingen da ya hana 'yan arewa shiga kurmi ya faɗi. Sojojin Hausa da suka zo tare da Turawa, da fataken da suka biyo bayansu, su suka kafa unguwar da ake kira Zongo, wato zangon da ayari ke sauka, a lafazin Hausar Gana. Jirgin ƙasa ya iso Kumasi daga Sekondi a 1903, koko ya kawo kuɗi, Mosawa da Dagombawa da Zabarmawa da Yarbawa da sauransu suka yi ta kwararowa, Hausa ta zama harshen da ya haɗa su, kamar yadda Enid Schildkrout ta nuna a bincikenta na 1978. Daga tsohon Zongo aka yaɗu zuwa Sabon Zongo da Aboabo da Asawase.

Mutumin Zongo ba ya yafa zane irin na Batone. Riga yake sawa da wando da hula. Don haka sana'o'in da suka kafu a unguwar su ne ɗinki da aikin riga da ɗinkin hula da dillancin yadi, kuma haɗin da aka fi yi a nan na allura ne: rigar auduga, aska biyu ko aska takwas da zaren tsamiya ko alharini a ƙirji.

Hukuncin alharini

Akwai dalilin da ya sa Musulmin Zongo bai bi Batone zuwa tufar siliki zalla ba, ko da yana da halin saye. A shari'a an hana namiji sa alharini, an halatta wa mace. An yi rangwame a kan ɗan ratsi wanda bai wuce faɗin yatsu huɗu ba, kamar yadda ya zo a hadisin da Muslim ya ruwaito. Littafin Risala na Ibn Abi Zaid, wanda duk almajirin ilimi a Zongo yakan karanta bayan Ahalari da Ishmawi, ya ambaci saɓanin malamai a kan tufar da aka haɗa alharini da wani zare a cikinta, wasu sun halatta, wasu sun karhanta. Wannan saɓani shi ne filin da masaƙi da maɗinki suka yi aiki a ciki. Ratsin barage, da shafin riga da ba ya fitowa sai an naɗe hannu a kafaɗa, da aikin wuya, duk hanyoyi ne na samun ƙawar alharini a kan gindin auduga. Ba a ce kowane attajiri ya tsaya a kan yatsu huɗu ba. Manyan rigunan da ke ajiye a gidajen tarihi sun nuna cewa an sha ƙetare iyakar. Amma sanin iyakar ya sa tambayar nan ta "mene ne a cikin wannan tufa?" ta zama ta addini a wurin mai saye, ban da ta aljihu.

Zaren inji

A 1892 wasu masana kimiyya a Ingila suka gano hanyar narkar da ɓargon itace su mai da shi zare mai sheƙi, kamfanin Courtaulds kuma ya fara yin sa don kasuwa a 1905. Wannan shi ne rayon. Tsakanin yaƙin duniya na ɗaya da na biyu ya shigo kasuwannin Gwal Kos a rine, a ƙulle, ba sai an warware kome ba, kuma da araha. A hankali ya maye gurbin siliki a yawancin saƙar kente. Fa'idarsa a fili take: malamin makaranta da manomin koko suka iya mallakar abin da da sai ɗan sarauta. Aibinsa kuma shi ne ƙarfinsa yana raguwa sosai idan ya jiƙe, kuma ba ya tsufa da kyau irin na siliki. A ɓangaren rini ma haka aka yi, domin tun 1897 kamfanin BASF na Jamus ya fara sayar da shunin da aka haɗa a masana'anta.

Babban canji ya zo da foliyesta, wanda Whinfield da Dickson suka ƙirƙiro a Ingila a 1941, aka sayar da shi da sunan Terylene. Daga man fetur ake samo shi. Ba ya yamutsewa, ba ya saurin yagewa, yana bushewa da wuri, amma kusan ba ya shan ruwa: abin da yake riƙewa na laima bai kai kashi 1 cikin 100 na nauyinsa ba, alhali auduga tana riƙe kamar kashi 8. Saboda haka masana'antu suka koma gauraya su tun a sili, galibi kashi 65 foliyesta da 35 auduga, don kowanne ya rufe aibin ɗan'uwansa. Ga kayan makaranta da na 'yan sanda wannan haɗi ya yi rana. Ga babbar riga a garin da ke da gumi irin Kumasi kuwa, duk wanda ya tsaya sallar Idi a cikinta ya san bambancin. Marini ma ya sani, domin baba ba ya kama foliyesta: in aka tsoma yadin haɗi a karofi sai ya fito fari-fari, audugar ta sha, ɗayan ya ƙi.

Bayan samun 'yancin kai a 1957, wanda Kwame Nkrumah ya yi shelarsa a Ankara sanye da taguwar arewa, Gana ta kafa masaƙunta na zamani: GTP a Tema a 1966, sai ta Akosombo da ta Juapong a shekaru biyun da suka biyo baya. Dokar korar baƙi ta gwamnatin Busia a 1969 ta raba 'yan kasuwar Zongo da yawa da rumfunansu, musamman Yarbawa da Hausawan da ba su da takardu. Daga shekarun 1980 kuma aka buɗe kasuwa, gwanjo ya cika gari, wanda Tonawa ke kira obroni wawu, wato kayan Baturen da ya mutu, sannan atamfofi masu araha daga Sin suka biyo baya, har da masu zanen kente da aka buga da inji ba saƙawa aka yi ba. A 2004 gwamnatin Kufuor ta fito da tsarin sa tufafin gida ranar Juma'a don tallafa wa masaƙu. A Disamba 2024 kuma hukumar UNESCO ta sa saƙar kente cikin jerin al'adun da duniya ta gada. Zaren da yawancin masaƙan ke aiki da shi dai na inji ne, rayon da auduga da foliyesta, da wani mai ƙyalli kamar zinariya da ake kira Lurex.

A Zongo shadda ce ta gaji matsayin rigar saƙi da ta tsamiya. Mai daraja, irin wadda kamfanin Getzner ke yi a Ostiriya, auduga ce zalla mai dogon sili, sheƙinta daga irin saƙar ne da gogewa da matsi. Ta ƙasa da ita tana kwaikwayon wannan sheƙi da haɗin roba. Tun da ido ba ya rabewa, sai tsofaffin maɗinka suka riƙe wata dabara: a zare sili biyu ko uku daga bakin yadi a kusanta su da ashana. Auduga da rayon suna ci da wuta kamar takarda, su bar toka mai laushi. Siliki da tsamiya da ulu suna ƙauri irin na gashi, abin da ya rage kuma yana murƙushewa a yatsa. Foliyesta yakan janye daga wuta, ya narke, ya daskare ya zama ɗan ƙwallo mai tauri. Yadin haɗi yana nuna hali biyu a lokaci guda, toka a gefe, ƙwallo a tsakiya.

Harshe ma ya bi kasuwa. Kalmar siliki, wadda aka aro daga Ingilishi, yanzu tana nufin kusan duk wani yadi mai santsi da walƙiya, ko da babu silin tsutsa ko ɗaya a cikinsa. Alharini ya koma zauren karatu, inda ake jin sa a fassarar Risala da wa'azin tufafin Aljanna. Tsamiya kuwa, in aka faɗa wa yaron Aboabo ita yau, abin da zai fara zuwa masa a rai shi ne wadda ake jiƙawa a dama kunu.